Idan Ganyen Okid Ya Yi Baƙi

  

Shirinmu na yau a kan wata shukar ado ne. Sunanta okid. Da yawa daga cikinku kun san ta a ido, sunan ne dai ba ku sani ba. Ita ce kuke gani a teburin karɓar baƙi na otal, ko a ofis, ko a falon wani gida. Ganyenta faffaɗa ne mai kauri, guda huɗu zuwa shida. Sai wani siririn kara ya fito ya sunkuya, furanni jere a jikinsa, fari ko ruwan hoda ko shunayya. Sai mutum ya kai hannu ya taɓa kafin ya yarda ba na roba ba ne.

To ga abin da ke faruwa. An kawo wa Hajiya irin wannan shuka kyauta, ranar suna ko ranar tarewa a sabon gida. Ta ajiye ta a falo, tana lallaɓa ta kamar ƙwai. Wata safiya ta zo share ƙura, sai ta ga baƙin tabo a ganye. Hankali ya tashi. Wannan ya ce a ƙara mata ruwa. Wancan ya ce taki take so. Yaron gida ya ce a fesa mata maganin sauro. Kafin mako ya zagayo, shuka ta mutu, kuma ba tabon ne ya kashe ta ba, masu magani ne.

Saboda haka ku riƙe wannan tun daga farko: baƙin ganye alama ce, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Abubuwa da dama ke kawo shi. Wani baƙin ba ya buƙatar komai sai a sauya wa shukar wuri. Wani kuwa, in aka bar shi kwana biyu, sai a yi sallama da ita. Kama da wane ba ta wane. Aikinmu yau shi ne mu koyi raba su.

Bari mu fara da sanin ita kanta shukar, domin rabin matsalar daga nan take.

Dangin okid babba ne ƙwarai. Masana sun ƙidaya kimanin iri 28,000. Banila da ake sa wa kek da askirim, daga ƴaƴan wata okid ake samun ta. Amma wadda aka fi sayarwa don ado a ɗaki, sunanta Falenofsis. Wani masanin tsirrai mai suna Carl Blume, da ya yi aiki a tsibirin Java, shi ya raɗa mata sunan a 1825, saboda furenta ya yi kama da irin malam-buɗe-littafin nan na dare. Asalinta dazukan kudu maso gabashin Asiya ne, wuraren Filifin da Indunisiya da Taiwan. Yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu kuwa a manyan gidajen renon tsirrai ake samar da su, musamman a Taiwan da Holan.

A can dajin, wannan shuka ba ta taɓa ƙasa. A jikin reshen bishiya take zaune. Kun san kauci, ko? To kada ku haɗa su. Kauci yana huda bishiya ya sha ruwanta. Ita okid masauki kawai ta nema. Saiwoyinta a waje suke, iska na kaɗa su. Ruwan sama ya jiƙa su, jim kaɗan su bushe. Ganyen bishiya na yi mata laima, rana ba ta dukan ta kai tsaye. Sannan a karkace take rataye, don haka ruwa ba ya kwana a tsakiyarta.

Mu kuma me muke yi? Sai mu miƙar da ita tsaye a tukunya, mu tura ta gaban taga, mu kunna mata iyakwandishan, mu tsiyaya mata ruwa daga sama. Ni kaina, ta farko da na samu, tausayi ne ya kama ni. Na ga an dasa ta cikin ɓawon itace, na ce wace irin rowa ce wannan. Na ɗebo ƙasa mai kyau, na cakuɗa da takin awaki, na juye ta ciki. Ba ta yi wata guda ba.

Yanzu mu shiga kashi na biyu, wato yadda ake duba tabon. Ba a buƙatar kayan asibiti. Yatsa, da hanci, da biro. Na sake faɗa: yatsa, hanci, biro.

Ku ɗauki shukar ku kai ta inda ke da haske. Ku taɓa tabon a hankali. Ya bushe, ya yi kamar takarda ko busasshiyar fata? Ko kuwa ya yi laushi, yana nutsewa, yana tsattsafo ruwa? Sai ku kai hanci. Akwai ɗoyi? Sannan ku ɗauki biro ku zagaye tabon daidai bakinsa, ku rubuta ranar a gefe. Gobe war haka ku dawo ku duba. In tabon yana cikin da'irar, to a tsaye yake. In ya tsallake layin, yana tafiya.

Busasshe kuma a tsaye, ku kwantar da hankali. Jiƙaƙƙe kuma mai tafiya, ku tashi tsaye. Amma in kun taɓa kun ji laushi da ɗoyi, kada ma ku jira goben. Wannan ba ya jira.

Bayan kun taɓa, ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa wata shukar.

Kafin mu yi nisa, akwai wani baƙin da ba na cikin ganye ba ne. A sama yake kwance kamar baƙin tukunya. Ku jiƙa tsumma ku shafa. In ya fita, ganye ya bayyana kore shar a ƙarƙashi, to fumfuna ce ta fito a kan wani ruwa mai danƙo. Manoma sun san wannan. Wanda ya taɓa ganin darɓa a gonar gyaɗa ko dawa ya san yadda ganye ke yin yauƙi sannan ya yi baƙi. Ƙananan ƙwari ne ke tsotsar ganye, su zubar da ruwa mai zaƙi. Ku juya ganyen okid ku duba bayansa, ku duba lungun da ganye ya haɗu da kara. Za ku iya ganin wani abu fari kamar auduga. Ko wasu ƴan ƙuraje ruwan ƙasa masu fita in an kankare da farce. Waɗannan ƙwari ne. Ku dangwali auduga a sifirit, irin na kyamis, ku goge su ɗaya bayan ɗaya. Ku maimaita kowane mako har sau uku ko huɗu, don ƙwai na ƙyanƙyashewa daga baya. In kun ga tururuwa na zirga-zirga a tukunyar, zaƙin ne ya kira su.

To, masu sauraro, mun zo kashi na uku: baƙi busasshe.

Na farko a cikinsu, kuma wanda na fi cin karo da shi a ƙasarmu, shi ne ƙunar rana. Ku tuna shukar inuwa ce. Sai a ajiye ta a tagar yamma a watan Afrilu, lokacin da zafi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ke haura digiri 40. Awa ɗaya ko biyu sun isa. Da farko wurin zai koɗe, ya yi fari ko rawaya. Bayan ƴan kwanaki ya koma ruwan ƙasa, ya yi baƙi, ya shafe kamar takarda. Shaidarsa a fili take. Tabon yana kan ganyen sama, a ɓangaren da ke kallon taga, sau da yawa a daidai inda ganyen ya lanƙwasa. Ganyen da ke ɓoye a ƙasa lafiyarsa lau. Ku tambayi kanku: an matsar da shukar kwanan nan? An cire labule don wanki? An fitar da ita tsakar gida wai ta sha iska?

Ga wata dabara mai sauƙi. Da tsakar rana ku ɗora tafin hannu a ganyen. In kun ji ɗumi sosai, wurin bai dace ba. Ku mai da ita tagar gabas, ta samu hantsi mai laushi, ko ku sa labule mai shara-shara tsakaninta da gilashi.

Wannan tabo ba zai warke ba. Ba zai koma kore ba har abada. Duk da haka ina roƙonku, kada ku yanke ganyen don ya yi muni. Falenofsis ganye ɗaya ko biyu take fitarwa a shekara guda. Sauran koren da ya rage a ganyen nan yana dafa mata abinci. Garin neman gira kada a rasa ido. Ku dai riƙa leƙa da'irar bironku, don wani lokaci cuta kan bi ta wurin ƙunar ta shiga.

Na biyu, sanyi. Za ku yi mamaki, sanyi a ƙasar zafi? To ai mu muke kawo shi. Wannan shuka ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 29. In iskar iyakwandishan na busa mata kai tsaye dare da rana, ganye zai yi wasu ramuka-ramuka, kamar an danna da yatsa, daga baya su yi duhu. Haka in an zuba mata ruwan firiji. Akwai ƴan kasuwa a Amurka da ke tallata cewa a riƙa sa mata ƙanƙara maimakon ruwa. Ni dai ba na ba da wannan shawara. Shukar da kakanninta ba su taɓa ganin ƙanƙara ba, me ya haɗa ta da ita? Mutanen Jos da na Mambila kuma, ku lura da daren hunturu, lokacin da sanyi ke sauka kusa da digiri 10. Ku janye ta daga jikin taga. Abin da ke rikita mutane da ɓarnar sanyi shi ne ba ta fitowa nan take. Takan yi makonni kafin a gan ta, har an manta da abin da ya faru.

Na uku, baƙin da ke kama tsinin ganye kawai, ya bushe, yana ja baya a hankali. Nan ku fara zargin gishiri. Ko dai an cika mata takin zamani, ko kuma ruwan gidan na da zartsi. Uwargida, duba cikin butar da kike tafasa ruwa. In kin ga fari-fari ya daskare a gindinta, irinsa ne ke taruwa a tukunyar okid. Za ki gan shi a bakin tukunya da jikin ɓawon. Gishirin nan yana ƙona saiwa, ganye kuma ya nuna a tsininsa. Maganin shi ne a kai tukunyar bakin rariya, a yi ta zuba ruwa mai kyau yana ratsawa yana fita, sau ɗaya a wata. Ruwan sama ya fi kowanne, in an tara shi a mazubi mai tsabta. Taki kuwa, abin da aka rubuta a jikin kwali, ku sa rubu'insa ko rabinsa.

Sai dai akwai wata fumfuna da ita ma ke farawa daga tsini. Ita ce ke sa wa mangwaro baƙin tabo in ya fara nuna. A ganyen okid za ku ga iyaka ƙarara tsakanin matacce da mai rai, da wasu layuka kamar zobe a cikin mataccen, har da ƴan ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Tafiyarta a hankali ce, amma tana tafiya. Biro zai tona mata asiri. Wannan kam sai an yanke, kuma zan gaya muku yadda ake yankan nan gaba kaɗan.

Ga wanda ya kamo mu yanzu, muna magana ne a kan baƙin ganye a shukar okid ta cikin ɗaki. Mun ce a taɓa, a sansana, a zagaye da biro. Mun gama da busasshen baƙi. Yanzu ga kashi na huɗu, kuma nan nake so ku ba ni kunne sosai: jiƙaƙƙen baƙi.

Iri biyu ne manya. Ɗaya na bakteriya, wato ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. Yakan fara da ɗan tabo kamar an ɗiga mai a takarda. In kun ɗaga ganyen a haske, za ku ga wurin ya jiƙe daga ciki, sau da yawa da rawaya zagaye da shi. Sai ya kumbura kamar bororo, ya yi duhu. In ya fashe, ruwan da ke fita cike yake da cutar. Akwai mai tsanani a cikinsu, mai narkar da ganye gaba ɗaya ya koma kamar dafaffen alayyaho. Ɗoyinsa ba ya ɓuya. Duk wanda ya taɓa buɗe buhun albasa ko dankali ya tarar da ruɓaɓɓe a tsakiya ya san wannan wari, kuma dangin ƙwayoyin cutar ɗaya ne. A lokacin zafi da laima, kwana biyu zuwa uku sun ishe shi ya cinye shuka.

Ɗayan kuma shi ake kira baƙar ruɓa. Masu kawo ta wasu halittu ne masu kama da fumfuna, masu son ruwa. Shahararriyar cikinsu sunanta Fitoftora, kalmar Girkanci ce mai nufin mai halaka tsiro. Ba a yi mata ƙarya ba. Wata daga cikin danginta ce ta faɗa wa gonakin dankalin turawa a ƙasar Ayalan a 1845, aka yi yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan guda. Ita ce dai ke ƙona ganyen dankalin turawa a Bokkos da Mangu in damina ta yi nauyi. Wasu ƴan'uwanta kuma su ke baƙanta ƴaƴan kokon da ake yin cakulan da shi, a Ondo da Ghana da Kamaru. Kun ga ashe ba baƙuwa ba ce a wajenmu.

Abin da ya kamata ku sani game da ita shi ne irinta iyo yake yi. Ƙananan ƙwayoyi ne masu wutsiya, suna tafiya cikin ruwa. In babu ruwa a kwance, ba su da hanya. In kun jera tukwane uku a faranti ɗaya ruwa na taruwa a ƙarƙashi, kun gina musu titi. In kuna yayyafi ruwa na fallatsa daga wannan ganye zuwa wancan, kun ba su mota. Tabonta baƙi ne ƙirin ko ruwan ƙasa mai duhu, da laushi, yana bin ganye yana gangarawa wajen kara.

Za ku ce, to yaya za mu bambance na bakteriya da na Fitoftora? Gaskiya a ido, ko ƙwararru sukan yi kuskure, sai an kai ɗakin gwaji. Amma ba sai kun bambance ba. Matakin farko ɗaya ne: a ware, a yanke, a busar.

Wuri mafi haɗari a jikin wannan shuka shi ne tsakiyarta, inda sabon ganye ke fitowa. Mu kira shi ƙoƙon shuka. Falenofsis wurin tsiro ɗaya tak gare ta. In ruwa ya kwana a ƙoƙon nan, ruɓa ta kama shi, sai ku ga ƙaramin ganyen tsakiya ya yi baƙi daga gindi. Ku ja shi kaɗan, ya zare a hannunku. Sauran ganyen su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, alhali tsininsu kore ne. Saboda haka wurin da tabo yake ma magana ne. Tabo a tsinin ganye, akwai lokaci. Tabo a gindin ganye kusa da ƙoƙo, babu lokaci.

Yanzu kashi na biyar, aikin tiyata.

Da farko ku raba ta da sauran shuke-shuke. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ku samo sabuwar reza. In almakashi za ku yi amfani da shi, ku gasa bakinsa a wuta, ku bari ya huce. Kada ku yanka a kan baƙin, kada ku yanka a bakin baƙin. Ku shiga cikin lafiyayyen kore, kamar santimita biyu, wato faɗin babban yatsa. Cutar tana gaban abin da ido ke gani. Bayan kun yanke, ku dubi bakin yankan. In kore ne tas, madalla. In kun ga ɗigon duhu a ciki, ku sake gasa almakashi ku ƙara yankewa. Kowane yanka, a sake tsabtace ƙarfe. In ruɓar ta ci fiye da rabin ganye tana dosar kara, ku cire ganyen duka.

Abin da kuka yanke, ku ƙulle a leda ku jefar, ko ku ƙona. Kada ya shiga juji inda kuke tara taki.

Sai ku shiga kicin ku ɗebo garin kirfa. Ita dai kirfar da ake sa wa shayi. Ku dangwala a bakin yankan. Tana busar da ciwon, kuma masu renon okid sun daɗe suna amfani da ita. Amma a bakin yanka kawai. Kada ku barbaɗa ta a saiwa, don yadda take busar da ciwo haka take busar da saiwa.

In ƙoƙon ne ya fara ruɓa, ku zare abin da ya narke, ku tsane ruwan da auduga ko tishu. Ku nemi ruwan wanke ciwon nan mai kumfa a kyamis, haidirojin feroksaid, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari. Ku zuba kaɗan a ƙoƙon. Zai yi kumfa. In ya lafa, ku karkata tukunyar ya tsiyaye, ku tsane, ku sa kirfa. Wani lokaci a dace, wani lokaci an makara.

Bayan tiyata, ku bar ta ta sha iska. Fanka mai juyawa a hankali daga nesa ya wadatar. Ku daina yi wa ganye yayyafi. Ku yi ƴan kwanaki ba ruwa.

Maganin feshi fa? Ga ra'ayina. Mai tukunya ɗaya ko biyu a falo, reza da iska sun fi masa amfani. Mai shuke-shuke da yawa, ko mai sana'ar sayar da furanni, zai iya neman magani mai sinadarin metalaksil, wanda manoma suka fi sani da sunan Ridomil. Yana aiki a kan Fitoftora, amma ba ruwansa da bakteriya. Na bakteriya, magani mai jan ƙarfe ake sawa, shi kuma yana ƙona wasu okid, musamman irin da ake kira Dendirobiyam. Ku nemi shawarar malamin gona. Ku bi abin da aka rubuta a jikin takarda. A waje ake feshi, da safar hannu da takunkumi, nesa da yara da kayan abinci. Maganin sauro kuwa, don Allah a bar wa sauro.

Akwai kuma cutar bairos. Ita takan zo da baƙaƙen zane-zane ko ɗigo a ganye da yawa, har da sababbi, wani lokaci launin fure ma ya dagule. Sai da gwaji ake tabbatar da ita, kuma ba ta da magani. Ta bakin almakashi take yawo daga shuka zuwa shuka. Shi ya sa na nace a kan gasa ƙarfe.

Saura abu ɗaya, kuma kada ku tashi ba ku yi shi ba. Ku duba saiwa. Sau da yawa kukan a ganye yake, ciwon a ƙasa.

Yawancin okid ana sayar da su a ƴar tukunyar roba mai haske, an zura ta cikin wata ta ado. Ta adon nan sau da yawa ba ta da huji. Ku ɗaga ta ciki ku leƙa. Kada ku yi mamaki in kun tarar da ruwa a kwance, har da tsutsar sauro. Ku zubar. Sannan ku dubi saiwoyin ta jikin robar. Lafiyayyar saiwa ƙiba gare ta, da tauri. In ta bushe fara ce kamar azurfa, in ta sha ruwa ta koma kore. Wannan ne ma agogonku na ban ruwa. Kore, a bari. Azurfa, a ba ta. A damina zai iya kai kwana goma ko fiye. A hunturu, da iska ke bushe, kwana huɗu ko biyar. Da safe ake ba ta, a jikin ɓawon, ba a kan ganye ba. In ruwa ya faɗa ƙoƙo, a tsane shi da tishu nan take.

Ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa. In kun matsa sai ta fashe, ko ta saɓule ta bar wani siririn zare. Irin waɗannan a yanke su. A zubar da tsohon ɓawon, musamman in ya rududduge ya koma kamar ƙasa, don bayan shekara ɗaya zuwa biyu haka yake zama. A sake mata sabon ɓawon itace, ko gutsattsarin gawayi da aka wanke, ko ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka sauya masa ruwa sau da yawa don gishirinsa ya fita. Tukunya mai huji da yawa. Ba ƙasa, ba takin awaki. Ku ɗauki darasi a kaina.

Ku lura kuma, in kun ga bayan ganye ya yi ja-ja ko shunayya, santsi, ba rami ba laushi, wannan launinta ne, musamman mai fure shunayya. In ganyen ƙasa guda ɗaya ya yi rawaya a hankali ya faɗi, tsufa ne.

To wanda ƙoƙon tasa ya riga ya mutu fa, ganye duk sun zube? Kada ka yi saurin kai ta bola, Malam. Duba saiwa. In akwai masu ƙiba da tauri, ajiye ta a inuwa mai haske, ka riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan in sun yi fari. Wani lokaci, bayan watanni, sai ɗan ƙaramin tsiro ya leƙo daga gindin karan. Masu renon okid suna kiran sa keiki, wato yaro da harshen mutanen Hawai. Kada ka raba shi da uwar, don da saiwarta yake sha. Furensa ba na wata ɗaya ko biyu ba ne, sai an lissafa da shekara.